Louise Violet ko L'École buissonnière: wanne za a nuna wa malamai?

Malama, kin ce ana son a nuna fim ɗaya a taron malaman makarantarku, kuma an ba ki sunayen fina-finan Faransa guda biyu kin rasa na zaɓa. Duk labarin makarantar ƙauye ne, amma ciwon da kowanne ya taɓo daban.

Louise Violet ya fito a 2024, Éric Besnard ne ya ba da umarni, Alexandra Lamy ce malamar. Labarin a 1889 yake, bayan dokokin Jules Ferry, ministan ilimin Faransa da ya kawo su: ta 1881 ta mai da firamare kyauta, ta 1882 ta wajabta ta ga yaro daga shekara 6 zuwa 13, ta kuma cire darasin addini daga makarantar gwamnati. An rubuta doka a Paris, amma ba ta ƙaraso gona ba. Malamar ta iso ƙauye ta tarar ajin da aka tanadar mata garken dabbobi ne, kuma babu uban da zai saki yaro alhali aiki na jira. Kusan duk fim ɗin lallashi ne, gida-gida, da magajin garin da ba a san inda ya sa gaba ba. Yana da kyan hoto, sai dai tun daga nesa za ki hango ƙarshensa.

Shi kuwa L'École buissonnière na 1949 ne, marar launi, aikin Jean-Paul Le Chanois. (A kula, akwai wani mai wannan suna na 2017, labarinsa daban ne.) A nan yara suna cikin aji tuni, ana ta yi musu ɗurar hadda. Sai ga sabon malami, Bernard Blier ya fito a matsayinsa, ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ya karɓi makarantar wani ƙauye a yankin Provence, kudancin Faransa, a 1920. Ya fita da yara daji su ga abin da suke karantawa da idonsu, ya kawo ƙaramin injin ɗab'i. Ki dubi wurin da yaro ke tsintar haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya yana jera labarin da shi ya rubuta. Wanda jiya ba ya son riƙe alƙalami yau shi ke gyara kuskuren ɗan'uwansa. Manyan gari suka ce wannan wasa ne, a bari jarrabawar kammala firamare ta raba gardama.

Abin da ya ƙara masa nauyi a wurina, an gina fim ɗin na 1949 kan rayuwar wani malamin Faransa na gaske, Célestin Freinet, wanda aka raunata a huhu a 1917, ya fara koyarwa a Bar-sur-Loup a 1920, ya shigo da ɗab'i aji a 1924. Sai dai fim ɗin ya sassauta. Shi ainihin Freinet rigimar da ta tashi a Saint-Paul, ƙauyen da ya koma koyarwa, ta raba shi da kujerarsa a 1933, dole ya buɗe makarantar kansa a Vence.

Da taron iyaye ne, da na ce Louise Violet, don gardamar gona da makaranta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Amma tunda malamai ne, waɗanda yara na gabansu kullum, ki sa na 1949. Ki dai tabbatar kwafin da za ki samo yana da fassara a ƙasa, don Faransancin mutanen kudu ne ake yi a ciki, ko malaman Maraɗi sai sun kasa kunne sosai.