Bindiga mai sakata CZ 457: ta isa kurege, dila kuwa da sauran magana

Duk mai gonar gyaɗa a ƙasar Maraɗi ya san aikin kurege. Ka yi shuka yau, gobe ka tarar ya bi layi yana tone iri rami bayan rami, in kaka ta yi kuma ya dawo ya ci rabonsa tun gyaɗa na ƙasa. Gafiya na ƙarƙashin rumbu, dila na kewaya akurki da garken tumaki. Don waɗannan na sayi CZ 457 mai cin harsashi .22 LR, kuma ta ga damina ta ga rani a hannuna, a gonarmu da ke wajen Jiratawa. A taƙaice bindiga ce ta kirki, sai dai ba kowace dabba ce sa'arta ba.

Kamfanin CZ na ƙasar Cek ne ke ƙera ta a garin Uherský Brod, inda yake aiki tun 1936, wannan samfuri kuma ya fito kasuwa a 2019 ya gaji CZ 455. Sarrafa ta kamar sakatar ƙofa ne: ka ɗaga hannun, ka ja baya ƙwanso ya fita, ka tura gaba sabon harsashi ya hau, ka sauke hannun ta kulle. Gidan harsashinta biyar yake ɗauka. Masu son mai ɗura kanta suna cewa wannan ɓata lokaci ne. Ni ban gani ba, domin kurege harbi ɗaya yake ba ka, in ka kuskure ya shige rami. Ga shi ƙarafanta kaɗan ne, babu abin da zai maƙale maka a dawa inda ba maƙeri.

Abin da ya fi burge ni shi ne hannun sakatar. A tsofaffin samfura sai ka ɗaga shi digiri 90, har babban yatsa ya riƙa gogar madubin saiti, wato madubin hangen nesa da ake ɗora wa bindiga. A wannan digiri 60 ne kawai, kana iya ɗura wani harsashi ba tare da ka ɗauke kunci daga ƙota ba. Kunamarta ba tauri, kuma ana iya daidaita ta. Makullin kariya yana gefen dama, ka tura gaba in za ka harba. Nauyinta wajen kilo 3 ne, kana yawo da ita a kafaɗa tun hantsi ba ta gundure ka. Daga taku hamsin, in na ɗora ta a kan buhun yashi, harsasai biyar suna taruwa a wurin da bai fi murfin kwalba ba.

Zaɓen harsashi ya fi zaɓen bindiga muhimmanci, a nan ne mutane ke sayen abin da ba su buƙata. .22 LR tsohon harsashi ne, tun 1887 ake yin sa, ƙwayar dalmarsa ba ta kai giram 3 ba. Ƙararsa kaɗan, ba ya bugun kafaɗa, kuma shi ne mafi araha. Amma da ya wuce mita 50 sai ya fara faɗuwa, kafin mita 100 ya sauka fiye da santimita 10, iskar hunturu kuma ta ture shi gefe. Ga kurege da gafiya da zomo ya wadatar. Dila daban ne. Ba ya bari ka matso shi, kuma in ba a kai ko bayan kafaɗa ka same shi daga kusa ba, rauni kawai za ka yi masa ya tafi ya mutu a wahale cikin sabara. Wannan zalunci ne, ba farauta ba. Wanda dila ne babbar damuwarsa gara ya nemi harsashin .22 WMR, wanda ya fito a 1959, mai ƙarfi kusan ninki biyu. CZ 457 tana zuwa da shi, tana kuma zuwa da .17 HMR na 2002, mai gudu amma maras nauyi. Masu farautar irin waɗannan dabbobi a Amurka sun fi yabon .223 Remington, kuma a fagen harbi suna da gaskiya. Sai dai ɗan'uwan harsashin soja ne na 5.56, kuma da halin da ake ciki na 'yan bindiga a yankin Madarunfa da Gidan Runji, ban ga mai hankalin da zai so jandarma su tare shi da irinsa a aljihu ba. Kura kuwa a bar maganarta, wannan ba bindigarta ba ce. In tana ɓarna a garke, ma'aikatan gandun daji ake kai wa ƙara.

Ƙanƙantar harsashin kada ta ruɗi kowa. Yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, in ya bugi fako kuma sai ya yi tsalle ya kama wata hanya. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, bayan kowace gona akwai wata gona, da mai kiwo, da yara masu ɗiban ciyawa. Wani tsohon maharbi maƙwabcinmu, wanda ya tsufa da adaka, ya jujjuya ta a hannu ya tambaye ni iyakar inda take kai wa. Da na faɗa masa sai ya miƙo mini abata.

"To yaro, wannan ba a harba ta sai ka ga ƙasar da za ta tare harsashin."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Shi ya sa nake zama a kan tudu in harba gangare, ko in jira kurege ya fito gaban jigawa. Tsuntsu a kan itace kuwa ba na ɗaga masa baki sam.

Inda na sha wahala ba a jikin bindigar ba ne. Madubin saitin da wani ɗan kasuwa ya haɗa ni da shi na banza ne: babur ya girgiza shi a hanyar gona saiti ya gushe, da magariba kuma duhu kawai kake gani a ciki. Sai da na sake wani. Harsashi ma ba kullum ake samu ba, kuma kowane iri da inda yake faɗawa, don haka duk lokacin da ka canza kwali sai ka sake gwaji a takarda. Sai ƙura. In ka cika wa sakata mai a lokacin hunturu, ƙura za ta haɗu da shi ta zama dagwalo, ka ji tana ƙarar yashi in ka ja. Ɗigo ɗaya a tsumma ya isa, sakatar kuma tana zarewa da danna maɓalli guda a gefen hagu, sharewa ba wuya.

Takardu su ne farko, tun kafin kuɗi su fita daga aljihu: izinin riƙe bindiga daban, izinin farauta daban. Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998 ita ce ta tsara farauta a Nijar, kuma ta hana farautar dare da sa guba a nama. Gandun Gadabeji da ke arewacin ƙasar Maraɗi, wanda aka keɓe tun 1955, aka kuma kai masa raƙuman dawa daga Kure ta kusa da Yamai a 2018, ba wurin shiga da bindiga ba ne. Tun da dila da dare ya fi zuwa, abin da ya rage mini asarar kaji shi ne waya mai raga da na binne gindinta a ƙasa, da kare mai haushi. Bindigar ta kurege da gafiya ce, kuma a wannan aikin da zan sake saye ita zan ɗauka, in bar madubin ɗan kasuwa a kantinsa.