Saƙo daga Daejeon: kada ka rabu da kwamfutarka mai Windows

Ƙanina, ka tambaye ni ko ka sayar da tsohuwar HP ɗinka ka cika kuɗi ka sayi MacBook kafin ka taso Koriya ta Kudu. Kada ka sayar. Ni na sayar da tawa na sayi MacBook, kuma na ji jiki a farkon zuwana.

Kayan ƙasar nan ba su da makusa. Ba a ɗauke wuta, intanet ba ya yankewa, abin da ka saya ta waya da daddare sau da yawa kafin gari ya waye yana bakin ƙofarka. Amma ranar da na kama aiki aka ba ni shafin ma'aikata, inda ake neman hutu, a duba takardar albashi, a tura wa oga takarda ya sa hannu. Ina buɗewa ya ce sai na sauke wasu manhajojin tsaro, su kuwa Windows kaɗai suka sani. Sati biyu ina jiran abokin aikina ya fita cin abinci in ari tasa, kunya kamar ta kashe ni.

Abin yana da asali. A 1999 suka yi dokar sa hannu ta intanet, ga kuma nasu tsarin ɓoye bayanai mai suna SEED. Manhajojin shiga intanet ba su zo da shi ba, sai aka riƙa shigar da shi ta ActiveX, wata fasahar Microsoft da ke aiki a Internet Explorer na Windows. Bankuna da hukumomi da kamfanoni duk suka yi gini a kan haka. A Disamban 2020 aka cire wa takardar shaidar sa hannu ta intanet, wadda dokar ta kawo, fifikon da doka ta ba ta, a Yunin 2022 kuma Microsoft ta ajiye Internet Explorer, amma tsofaffin shafukan ofisoshi ba su sauya dare ɗaya ba. Ga takardun HWP, na wata manhajar rubutu ta Koriya, da hukumominsu ke amfani da su. Mac mai ƙwaƙwalwar M ba ya da Boot Camp, manhajar Apple ta sa Windows a Mac, dole na biya kuɗin Parallels, manhajar da ke tafiyar da Windows a cikin Mac, da lasisin Windows.

Wallahi nan na riƙa tuna gida. Inna da 'yar wayarta mai tocila tana danna lamba ta tura kuɗi, babu wanda ya tambaye ta wace kwamfuta take da ita. Netwok yakan ba mu wahala, gaskiya ne, amma ba a rufe wa kowa ƙofa ba.

Ka kai HP ɗin Beirut Road a Kano a ƙara mata RAM, a sauya batir. Aikin hannu a nan da tsada. Soket ɗinsu kuma mai rami biyu ne zagaye, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga, ka taho da adafta. Ka gaishe min da Inna.