Asibitin da ya kwantar da ƙanina ba da yardarsa ba: inda suka iya da inda suka gaza

Akwai wani asibitin ƙwaƙwalwa mai zaman kansa a Kaduna da 'yan uwa da ƙawaye ke yawan tambayata a kansa, kullum cikin raɗa, tun da suka ji a can muka kai autanmu. Sunan asibitin zan bar shi a cikina, saboda garin ƙarami ne kuma sirrin yaron ba nawa ba ne. Hukuncina a taƙaice: sun iya ceto, sun iya magani, amma ba su iya mayar wa mutum da bakinsa ba. Kuɗinsu kuma sai mai ƙashin arziki.

Ƙanina ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya zauna ba aiki. Ciwon damuwa ya shige shi a hankali, mu muna cewa lalaci ne. Ranar da ya faɗa wa Umma a fili cewa ya gaji da rayuwa kuma ya riga ya yanke shawara, gida ya rabu biyu. Kawu ya ce a kai shi gidan mari, malam ya san aikinsa. Ni na ce sam. Ban manta watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa. Ruƙiyya da tofi muna yi, har gobe muna yi, amma ba wanda zai sa wa ɗan uwana sarƙa.

Karɓar da suka yi mana da daddare ta cancanci yabo. Ba wanda ya ce mu dawo da safe, ba wanda ya tsaya sai an biya kafin a buɗe fayil. Likitar da ke bakin aiki ta fitar da mu duka, ta zauna da shi su biyu, ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Abba ya ji haushi da ya samu labari, wai za ta ƙara cusa masa abin a rai. Ta yi masa bayani cikin ladabi: "Baba, tambaya ba ta shuka wannan tunanin. Wanda yake ɗauke da shi sauƙi yake ji idan an tambaye shi." Daga nan ta ce ba za ta bari ƙanina ya koma gida a daren ba. Shi kuma ya ce ba zai kwana ba, shi ba mahaukaci ba ne, shekarunsa sun wuce a yanke masa hukunci. Abba ya sa hannu a takarda, ƙarti biyu suka riƙe shi, aka yi masa allura. Yana kallona yana cewa, "Yaya, har da ke?"

E, har da ni. Kuma da za a maimaita daren zan sake tsayawa inda na tsaya. Masu cewa rai na mutum ne, shi ke da iko da shi, su zo su ga yadda wannan ciwon ke toshe wa mutum duk wata ƙofa sai guda ɗaya. Zaɓin da aka yi a cikin wannan hali ban yarda zaɓi ba ne. A addininmu ma an ce kada ku kashe kanku, aya ta 29 a Suratun Nisa'i. Tilas na dare ɗaya, ko na 'yan kwanaki, na karɓe shi.

Matsalata da asibitin ta fara ne bayan haɗarin ya lafa. Takardar da Abba ya sa wa hannu ba ta da ranar ƙarewa. Ba a rubuta wanda zai sake duba ko har yanzu akwai dalilin riƙe shi ba, ba a faɗa masa inda zai kai ƙara idan bai yarda ba. Babban likita yana zagaye sau ɗaya a mako, ya tsaya a kansa ya tambaye ni, "Yaya yake barci? Yana cin abinci?" alhali mai barcin da cin abincin yana zaune a gabansa, da digirinsa, yana jin Turancin da suke yi. Aka canza masa magani, wuyansa ya sandare, harshe ya yi nauyi, ya yi ta tambayar sunan ƙwayar da ake ba shi. Wata nas ta ce masa, "Kai dai sha, ba aikinka ba ne." Aikin wa ne, in ba mai jikin ba?

Abin haushin, doka ta riga ta wuce nan. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawan mulkin mallaka. Sabuwar dokar ta ba majinyaci haƙƙin a yi masa bayani a nemi yardarsa, ta gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum dole, ta kuma tanadi kwamitin da zai riƙa duba irin waɗannan shari'o'i. A bangon asibitin akwai jadawalin kuɗin gado da lambar asusun banki, manya-manya. Haƙƙin majinyaci ko layi ɗaya babu. Da na tayar da zancen a ofishin mai kula da harkokin asibitin, sai ya yi murmushi ya ce ai iyali ne suka kawo shi, iyali ne za su ɗauke shi. Wato duk wanda ke biyan kuɗin gado shi ke da mabuɗi. Mu mun kawo namu don ƙauna. To wanda 'yan uwa suka kawo don rigimar gado fa, ko matar da miji ya gaji da ita?

Akwai wani abu da suka yi daidai wanda ban san muhimmancinsa ba sai daga baya: ba su kira ɗan sanda ba, ba su ma ambaci hukuma ba. Mutane da yawa ba su san cewa sashe na 231 na dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ya mayar da yunƙurin kashe kai laifi ba, mai ɗaurin da zai iya kaiwa shekara guda, ko tara. A Kudu sashe na 327 na tasu dokar ya faɗi kusan haka. Ghana ta soke irin wannan tanadi a 2023. Wanda ya san za a iya gurfanar da ɗansa a kotu, ina zai yarda ya faɗa wa likita gaskiya? Shi ya sa ake ɓoyewa a ce aljanu ne.

Sauran abubuwa a gurguje. Ɗakuna da tsabta, an cire duk abin da mutum zai cutar da kansa da shi, akwai mai gadi a farke dare da rana. Abinci ba laifi, sai dai shinkafa ta yi yawa. Akwai masallaci a ciki, kuma ana barin su jam'i. Waya an karɓe ta gaba ɗaya har ranar sallama, wanda a ganina zalunci ne ga wanda kaɗaici ke cikin abin da ya kayar da shi. Kuɗin mako guda ya haɗiye albashina na koyarwa, ban da magani. Na san likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum sama da miliyan 200, don haka ban yi mamakin tsadar ba, amma mai karɓar irin wannan kuɗi ya kamata ya samu minti goma na zama da majinyaci.

Mutum ɗaya ce ta fanshi wurin a idona, wata mai ba da shawara da ke zuwa da yamma. Ita ce ta fara ce masa, "Me kake so a yi?" Tare suka rubuta takarda da hannunsa: alamomin da yake gani idan abin zai dawo, wanda za a kira, maganin da ya ce kada a sake ba shi. Sunana ya sa a farko, duk da fushin da yake yi da ni.

Idan rai na cikin haɗari a daren nan, ku kai shi can ko duk asibitin da ya fi kusa, kada ku jira safiya. Amma kafin a sa hannu a tambaya: kwana nawa, wa zai sake dubawa, kuma yaushe za a fara tambayarsa shi kansa. Mu yanzu asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa muke zuwa ganin likita, shi ya zaɓa. Yana shan maganinsa, ya fara koyar da yara lissafi a unguwa. Har yau yana cewa riƙe shi da aka yi a daren farko cin mutunci ne, ni ina cewa ceto ne, kuma ba wanda ya janye.