Kwalba biyu daga ɗakin kaka: wacce ta fi daraja?

Malam, ka ce da kuka buɗe ɗakin kakarku a Daura, Allah Ya jiƙanta, kun tarar da kwalba biyu a bayan jeren kwanoni. Ɗaya koriya ce mai kusurwa huɗu, ta ɗan karkace, ga 'yan kumfa a jikinta. Ɗayar ta Coca-Cola ce, tas da ita. Kana tambayar wacce masu tara tsofaffin kaya za su fi so.

Ɗaga kowace a hasken rana, ka bi layin haɗin da ya taso daga gindi. A ta Coca-Cola za ka ga ya haura har saman baki. Aikin inji ke nan, kuma sai a 1903 Michael Owens ya yi wa injin kwalbarsa rajista a Amurka. Siffar nan mai ƙugu ta 1915 ce, kamfanin da ke cika lemon a Najeriya kuwa a 1951 aka kafa shi. In ta nan gida ce, ba ta kai shekara 80 ba, kuma irinta ba su ƙirguwa. Kyanta na ido ne kawai.

Koriyar ce abin zama a duba. In layin ya ɓace a kafaɗa ko a wuya, da baki aka hura ta, sannan aka gyara leɓen da hannu. Karkatar da kumfar da kake gani kamar aibi, su ne shaidarta. Shafa gindin kuma: in ka ji tabo mai kaushi, gurbin sandar ƙarfen da aka riƙe ta da ita ne tun tana da zafi, kuma wajen 1860 aka fara barin wannan hanya. Mai kusurwa huɗu irin wannan yawanci kwalbar barasa ce da ake kawowa bakin teku daga Holan, musamman garin Schiedam, an yi mata kusurwa don ta zauna daram a akwati. Kada ranka ya sosu, fankon kwalba ya sha yawo hannun fatake. Ƙila man gyaɗa ko zuma Hajiya ke zubawa.

Ni dai koriyar zan ɗauka, ba ko tantama. Sai dai tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi, don irinta ma an yi da yawa. Abin da ke ɗaga ta shi ne sunan kamfanin da ke da ita a rubuce cikin jikin gilashin, da leɓe lafiyayye. Tsaga ɗaya ko ɓalli a baki kan zubar da farashin warwas.

Don Allah kada a sa mata toka ko soson ƙarfe, kada kuma a zuba tafasasshen ruwa, fashewa za ta yi. Ruwa mai ɗumi da sabulu sun isa. Ɗauko mana hoton gindin da na bakin kafin wani ɗan jari-bola ya taya ta da kuɗin kwalbar manja.