GARGAƊI: mai "gyaran" bindigar fenti da ya ci min naira 387,000

Jama'a, duk wanda ke wasan bindigar fenti, wato wasan harbin juna da ƙwallayen fenti, a Abuja, Kaduna ko Legas ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗin kayan gyara. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan wasan nan, yana kiran kansa injiniya, wai shi ke shigo da kayan bindigogi masu lantarki daga Amurka da Ingila. Ɗan damfara ne. Naira 387,000 ya ci min. Ban ma sa kuɗin bindigar da ya yashe a lissafi ba, tsabar abin da ya fita daga asusuna ke nan, 387,000.

Kuma kafin wani ya zo yana ce min "ai kai ma da gaggawarka", a bari in faɗi wani abu. Ni ba baƙo ba ne a harkar nan. Ni ke kula da bindigogin haya a filin da muke wasa, Tippmann 98 ne, ina kwance su in mayar ko ido rufe. Amma waɗannan ba ruwansu da lantarki, ka ja kunama, guduma ta bugi bawul, shi ke nan. Tawa ta kaina Etek 5 ce ta Planet Eclipse, ita kuwa duniyarta daban. Kunamarta ɗan makunni kawai take taɓawa, allon lantarki ya ɗauki wuta daga batir mai volt 9 ya kai wa solinoyid, wato ɗan bawul mai aiki da lantarki, solinoyid ya saki iska mai ƙaramin ƙarfi ta tura ƙarfen da ke bugun bawul. Ga idanu biyu a mazaunin ƙwallo da ke hana ta harbi sai ƙwallon ya zauna daidai, don kar ta fasa shi a ciki. Idan solinoyid ya lalace ba kasuwar da za ka shiga a Abuja ka ce a ba ka. Dole daga waje. Dole ta hannun wani. Wannan ƙofar ce ya shigo min ta ita.

Abin da ke ƙona min rai har yanzu shi ne mutumin nan ya san aikin. Wallahi ya san shi. Can baya, tun kafin maganar kuɗi ta haɗa mu, bindigar takan yi harbin farko a raunane, ƙwallon ya faɗo gabanka. Na yi tambaya a zaure, wasu suka ce in ƙara lokacin buɗewar solinoyid a allo. Shi ne ya biyo ni ta gefe ya ce, "Oga, kar ka kashe kuɗi tukuna, kar kuma ka taɓa saitin. Canza batir, sa mai kyau, ka goge idanun da auduga, ka ɗiga mai a zoben robar da ke jikin ƙarfen bugu." Na yi, ta warke. Ko sisi bai karɓa ba. Na ce ya turo akawun in sa masa na kati, ya ce haba ɗan'uwa. Da Hausa muke magana fa, Hausa mai kyau, ya ce a Agege ya tashi.

"Oga, kar ka kashe kuɗi tukuna." Ku gaya min, wane ɗan damfara ne ke fara hana ka kashe kuɗi? Na sake sauraron saƙon muryar nan har na gaji, ina neman inda ya kamata in ji warin ƙarya. Babu. Duk wanda ya ji shi a lokacin zai yarda.

To sai ta fara yoyon iska. Na kira shi, tambayar farko da ya yi: ta bakin bututu take fita ko ta cikin mariƙi? Tambayar da mai sani zai yi ke nan, domin idan ta bututu ce, galibi murfin bawul ne ya ci, gyaran banza ne. Idan ta mariƙi ce, ko ƙaramin regileta, mai daidaita ƙarfin iska, ya yi yawa yana matsa wa solinoyid, ko robar da ke ƙarƙashinsa ta tsage, ko shi kansa ya mutu. Ya ce in kara waya in ɗauko masa ƙarar. Ya sa na rage regiletan, yoyon bai tsaya ba. Ya tambaye ni ko wani ya taɓa ɗaura mata tukunyar iskar CO2, don ruwansa idan ya shiga yana kashe solinoyid. Na ce ban taɓa ba, iska zalla take sha. Sai ya yi ɗan shiru ya ce, to solinoyid ne, amma tunda za a yi oda, me zai hana in haɗa da allon OLED da ake ƙara wa Etek 5, in riƙa ganin saiti a rubuce maimakon ƙirga ƙyaftawar fitila, da cikakken saitin zobban roba. Duka 185,000. Na duba farashin waje, na buga da canjin dala, na ga bai yi tsada ba kuma bai yi arhar da za ta ba ni tsoro ba. Na tura 185,000.

Sai kuɗin kwastam, 62,000. A'a, tukunya ce ta riga. Tukunya ce, don a ranar da na tura kuɗinta ne ya turo min bidiyon kayan. Ya ce wani kwastomansa zai koma Kanada, yana sayar da tukunyar iska ta kabon, mai ɗaukar matsin iska psi 4500, ƙirar 2022, a ba ni a 140,000 tunda kaya ɗaya za a haɗa. Tawa ta alminiyam ce mai psi 3000, ga nauyi ga saurin ƙarewa, na daɗe ina son ta kabon. Na tura 140,000. Bayan nan ne ya kira yana huci wai an riƙe kaya a filin jirgi saboda an ga hoton bindiga a jikin kwali, sai an biya 62,000. Duk wanda ya taɓa shigo da kayan wasan nan ya san ba abin mamaki ba ne a tsaya yi maka tambayoyi. Na tura. 185,000, 140,000, 62,000. Ku haɗa da kanku.

Bidiyon nan shi ne ya gama da ni. Tebur, solinoyid a leda, allo a kwalinsa, tukunya a gefe, da takarda an rubuta sunana da biro an ajiye a kai. Sunana fa. Zan sa shi ku gani. Daga baya wani bawan Allah a Kaduna ya turo min nasa: tebur ɗaya, leda ɗaya, har tabon shayin da ke gefen teburin ɗaya, takardar ce kawai aka canza. Shi 210,000 aka ci masa.

Na manta ban faɗi yadda bindigar ta je hannunsa ba. Bayan kwastam ɗin ya ce allon sai an saita shi da solinoyid a tare, a gwada a na'urar auna gudu a tabbatar ba ta haura ƙafa 300 a daƙiƙa ba, shi yana da na'urar da kwamfuresa a shago. Ya ce in kwance bututun, in naɗe ta a tawul, in ba direba a tasha, kar in ce bindiga, in ce kayan wasa ne. Mutumin da ya gyara min ita kyauta, ya nuna min kayana da sunana a kai, a wane dalili zan hana shi? Ko makanike ai mota kake kai masa.

Ya dawo da ita, wannan ne ma rainin hankalin. Da ya gudu da ita gaba ɗaya da ya fi min sauƙi. Tun daga ɗaga kwalin na ji ba nauyinta ba ne. Na kwance sukurorin mariƙi, na ɗaga robar: babu solinoyid. Ba sabo ba tsoho. Allona na asali, mai lafiya, an cire, an cusa wani koren allo da ko ramukan sukurorinsa ba su dace ba, an danne shi da salatif. Wayar idanun an datse ta da almakashi. Kayan cikin ƙaramin regileta babu. An mayar min da ita kamar kazar da aka kwashe wa kayan ciki. Ga warin baƙin mai, ya bulbula mata man inji don ta yi sheƙi, zobban robar da suka rage duk sun kumbura sun yi laushi. Wanda ya san tambayar bututu ko mariƙi ya san man fetur da danginsa suna cin roba. Da gangan ya yi, ko kuma bai damu ba.

Tukunyar da ya turo min kuwa, nan ne abin ya wuce maganar kuɗi. Yaron da ke cika mana iska, Allah ya yi masa albarka, ya juya ta ya ce, "Yallaɓai, wannan sitikar a saman fenti take." Bayanan ƙirar tukunyar kabon a ƙarƙashin rufin jikinta suke, ba a ɓare su da farce. Ya ɓare, ga shekarar ƙira a ƙasa: 2008. Irin waɗannan tukwane ana yi musu gwajin matsin ruwa duk shekara 5, yawancinsu kuma shekara 15 ne iyakar rayuwarsu. Wa'adinta ya ƙare tun 2023, ba ko alamar gwaji ɗaya a jikinta. Psi 4500 za a ɗura mata, in kafa ta a kafaɗa, kusa da fuskata, yara na yawo a filin. Na biya 140,000 a kan wannan.

Na kira, yana ringin ba a ɗauka. Na tura hotuna, ya amsa da "Oga ka yi haƙuri, yarona ne ya haɗa kayan wani da naka." Ko a nan na ba shi uzuri, saboda a shago irin haka tana faruwa. Washegari ya toshe ni, ya fice daga zauren, shafinsa na Instagram ya canza suna. Akawun ɗin da na tura 185,000 da wanda na tura 62,000 sunaye daban, ya ce min ɗaya na matarsa ne, kuma rabin 'yan kasuwar da na sani haka suke yi.

Na kai ƙorafi banki, na kuma shigar da rahoto. Kunyar da na sha wajen bayanin cewa bindigar wasa ce mai harba fenti, kuma babba da ni na zuba mata 387,000, ni kaɗai na san ta. Maiɗakina har yau 185,000 ta sani. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Hotunan hirarmu, rasit uku, bidiyon teburin da na ɗan Kaduna, da hoton sitikar, duk ina haɗa su, zan sa da dare in na rufe lambobin da ba nasa ba. Kar ku tura wa kowa bindigarku ta mota. Kar ku sayi tukunya sai kun karanta shekararta da idonku kun shafa da yatsa. Takarda mai sunanka a bidiyo ba shaida ba ce. Wanda kuma yake da solinoyid da allon Etek 5 a nan Abuja, inda zan je in gani a ɗaura a gabana, ya yi min magana.