Sandunan Black Diamond Trail: amfaninsu a gangara yake

Yawancin masu zuwa hawan dutsen da ke kusa da gari lissafin hawa kawai suke yi, alhali gwiwa a saukowa take shan wuya. A Platteklip Gorge, hanyar da aka fi bi zuwa saman dutsen Table Mountain a birnin Kef Tawun, tafiyar ba ta wuce kilomita 3 ba, amma ana hawa kusan mita 700 a kan matakalar duwatsu. Mutane da dama suna hawa da niyyar saukowa a motar da ke bin waya a sama, sai iska ta taso a rufe ta, dole su sauko da ƙafa. A irin wannan ranar ake sanin darajar sanda.

Black Diamond Trail sanduna biyu ne na alminiyum, kowace da gaɓa uku da ke zurawa cikin juna, nauyinsu duka kusan rabin kilo. Mariƙin soso ne mai tsotse gumi, kuma an ja shi ƙasa kaɗan, ta yadda idan hawa ya miƙe sai mutum ya sauke hannu ya riƙe ƙasa ba tare da ya tsaya rage tsawo ba. Tsinin ƙarfe ne mai tauri sosai, yana cizon ƙasa da tsakuwa.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne makullin, wanda kamfanin Black Diamond ke kira FlickLock. A waje yake, ana buɗe shi da babban yatsa, ido na ganin ko ya rufu. Sandunan da ake murɗawa makullinsu a ciki yake, ƙura na shiga sai ya fara sulɓewa ba a sani ba. Shi ma FlickLock ɗin yana sakewa idan an daɗe ana aiki da shi, domin sukurun da ke ɗaure shi yana kwancewa a hankali. Maganin a buɗe makullin, a murɗa sukurun kwatan zagaye ɗaya, a rufe, sannan a dafa sandar da duk nauyin jiki. In ta nutse ko da ɗan yatsa ne, a ƙara kwata. A yi wannan gwajin a gida, kada a bari sai an kai bakin gangara.

Tsawo kuwa, a tsaya a fili a riƙe sandar, gwiwar hannu ta lanƙwashe daidai kamar kusurwar bango. Mai tsawon santimita 170 zai samu tsawon sandarsa wajen santimita 115. A rage santimita 5 zuwa 10 wajen hawa, a ƙara kamar haka wajen sauka. Akwai alamar iyaka a jikin gaɓar. Duk wanda ya zaro ta wuce nan ya bar ɗan guntu ne a cikin uwar, kuma nan take fara lanƙwashewa.

Maɗaurin hannu ne kusan kowa ke sa wa baibai. Hannu daga ƙasa yake shiga ya fito sama, sannan ya sauko ya riƙe maɗaurin tare da mariƙin. Haka nauyi ke sauka a wuyan hannu, yatsu su huta. Amma a gangara mai tsanani a zare hannu gaba ɗaya, domin wanda ya faɗi da sanda ɗaure a hannu yana iya gurɗe babban yatsa ko wuyan hannun.

Wajen saukowa a fara dasa sandunan biyu a matakalar ƙasa, sannan ƙafa ta biyo. A guji tsaga tsakanin duwatsu: tsini ya maƙale, jiki ya ci gaba, sanda ta tanƙware. A nan alminiyum ya fi kabon (wani abu marar nauyi da ake ƙera wasu sanduna da shi) alheri, don shi lanƙwasa yake yi a lallaba a ƙarasa tafiya, kabon kuwa karyewa yake yi farat ɗaya.

Inda suka gaza a fili yake. A kan falalen dutse mai santsi tsinin ƙarfen yana zamewa, ga ƙara, ga karce dutse. Sai an sa masa hular roba, ita kuma a laka ba ta riƙo. Ko an naɗe su tsawonsu ya haura santimita 60, suna leƙowa daga ƙaramar jaka, suna kama reshe. Wanda hanyarsa ke da wuraren da sai an dafa da hannu, sanduna masu ninkewa uku sun fi masa sauƙin ɗauka. Mai neman rashin nauyi ma zai ga sun ɗan yi masa yawa.

Ga mai hawan yini ɗaya a hanya mai matakala da tsakuwa, musamman mai ciwon gwiwa ko mai goyon jaka mai nauyi, sun cancanci kuɗinsu. Idan ruwa ya dake su, a zare gaɓoɓin uku daban, a goge, a bar su su bushe kafin a mayar. Kada a shafa mai ko girisi, don makullin da gogayya yake riƙo. In an ga wani farin gari a jikin alminiyum ɗin, danshi ne ya kwana a ciki. Busasshen ƙyalle ya isa ya cire shi.