Hita, bargon lantarki ko jakar ruwan zafi: wanne ya dace da tsoho a lokacin sanyi?

Kafin ka ciro kuɗi ka sayi wani abu, fara duba tsohon da za ka saya wa tukuna. Jikin tsoho ba ya riƙe ɗumi kamar na matashi, kitsen ƙarƙashin fata ya ragu, jini ba ya zagayawa yadda ya saba, wani ma sanyin na cin sa amma ka tambaye shi ya ce maka lafiya lau. Sanyi kuma yana tsuke jijiyoyin jini, shi ya sa masu hawan jini da ciwon zuciya suka fi jin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ɗaki ya yi ƙasa da digiri 18, tsofaffi ma za su iya buƙatar fiye da haka. To ɗan ma'aunin zafi na bango shi ne sayayyar farko, ba wai a yi ta kintace ba.

Ni a wajena sutura ce gaba da duk wata na'ura. Riguna marasa kauri biyu ko uku sun fi jibgegiyar suwaita ɗaya, don iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumin, in zafi ya yi a cire ɗaya. Ulu ya fi auduga, auduga in ta sha gumi sai ta kwanta a jiki ta yi ta sanyi. A nemi mai zif ko manyan maɓallai a gaba, wanda yatsunsa ke ciwo ba zai iya kokawa da ƙananan maɓallai da sassafe ba. Hula da safa dole, amma safar mai ɗigon roba a tafin, santsi a tayil ba abin wasa ba ne.

Hita kala-kala ce. Mai fanka tana ɗumama ɗaki nan da nan, amma ga ƙara ga busar da maƙogwaro, kana kashewa ɗumin ya gudu. Mai jan haske gabanta kawai take gasawa, ita ce kuma ta fi saurin kama mayafi ko labule. Mai mai a ciki, wadda take kamar radiyeto, tana da nawa kafin ta ɗau zafi amma ba ƙara, ba jan ƙarfe a fili, kuma ko an kashe ta takan jima da ɗumi, ita zan zaɓa wa ɗakin kwana. Kowacce dai a duba tana da abin daidaita zafi, kuma tana kashe kanta in ta faɗi. Tazarar mita 1 daga gado da labule, a jona ta a soket ɗin bango kai tsaye ban da ekstenshan, ban da shanya a kai. Cin wuta fa akwai, mai wat 2000 yunit 2 take sha a awa guda.

Nan ne bargon lantarki ya yi mata fintinkau, wajen wat 100 yake ja, awa 10 kenan kafin ya ci yunit 1. Sai dai gado kawai yake ɗumamawa, kuma ba kowa ya dace da shi ba. Mai ciwon suga da ƙafafunsa suka daina jin taɓi zai iya ƙonewa bai sani ba, haka mai mantuwa, haka wanda fitsari ke ƙwace masa da dare, waɗannan a haƙura kawai. In za a saya, mai kashe kansa bayan wani lokaci, a ɗumama gadon a kashe kafin a kwanta. Wanda ya haura shekara 10 ko wayarsa ta fara zubewa a rabu da shi.

Jakar ruwan zafi ita ce mai araha, ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Ban da tafasasshen ruwa, a cika kashi 2 cikin 3, a matse iskar kafin a ɗaure murfin, a sa ta cikin rigarta ko a naɗe da tawul. Robar tana tsufa, bayan kamar shekara 2 a canza. Kada a haɗa ta da bargon lantarki a gado ɗaya, kuma maganar mai ciwon suga ta shafe ta ita ma.

Gawayi, kananzir ko gas a rufaffen ɗaki kuwa, don Allah a'a. Suna fitar da iskar kabon monoksaid, ba launi ba wari, ciwon kai ne da jiri sai barcin da ba a tashi. In gidan da na'urar ɗumi mai ƙona mai ake amfani, a haɗa da ƙararrawar gano wannan iskar.

In ka tarar maganarsa tana sarƙewa, ya rikice, barci na ta fizgarsa, jiki sanyi ƙalau ko da ba ya rawar ɗari, wataƙila zafin jikin ya sauka ƙasa da digiri 35. A lulluɓe shi har kai, kada a murza masa hannu da ƙafa ko a kara shi da hita, a nemi likita maza.